Filin Shawarwari: Wace Taya Ta Dace Da Babban Babur Ɗina?

  Bara na sayi babban babur na hannu, Honda CBR600RR, irin wanda matasa ke kira fawa-baik. Ina hawansa a cikin garin Kaduna, ƙarshen mako kuma nakan je Zariya ko Kano, wani lokaci Abuja. Yanzu tayar baya ta suɗe a tsakiya, gefe da gefenta kuwa kamar ba su taɓa taka ƙasa ba. Ta gaba da sauran zane. Abokan hawana sun ce in sayi tayar tsere, wadda kusan babu zane a jikinta, wai ita ce ke kama kwalta, kuma in ƙara faɗi daga 180 zuwa 190 ko 200 don babur ya ƙara kwarjini, ya zauna daram a kwana. Wani ɗan kasuwa kuma ya nuna mini ta gwanjo daga Turai, zanenta da saura, a kusan rabin kuɗin sabuwa, ya ce in canza ta baya kaɗai. Kuɗin hannuna ba su da yawa, ga damina ta ƙarato. Don Allah wacce zan ɗauka?

Mai karatu daga Kaduna

 Kafin ka saurari abokai ko ɗan kasuwa, koma ka durƙusa gaban tsohuwar tayarka, domin ita ce shaidar da ta fi kowa sanin irin hawan da kake yi. Taya ba ta cinyewa sai a inda take gogar ƙasa. Taka ta suɗe a tsakiya, gefenta na nan da sabuntarsa, wato kusan duk tafiyarka babur a miƙe yake, a kan doguwar hanya irin ta Kaduna zuwa Zariya da Kano, ba a kwance cikin kwana ba. Wannan ba abin kunya ba ne, haka hanyoyinmu suke. A kan wannan shaida na ɗora shawarata: ka zaɓi taya gwargwadon hanyar da kake bi, ba gwargwadon surar babur ɗin ba. Abin da ya dace da kai shi ne sababbin tayoyi biyu na doguwar tafiya, waɗanda aka yi wa babura masu gudu, a daidai girman da kamfani ya rubuta.

Kamfanonin taya sun kasa kayan irin babur ɗinka kashi uku. Akwai na filin tsere da aka ɗan yi musu zane don doka ta bari su hau titi, irin su Pirelli Diablo Supercorsa da Michelin Power Cup 2. Akwai na tsakiya, irin su Bridgestone Battlax S22 da Pirelli Diablo Rosso IV. Sai kuma na doguwar tafiya, irin su Michelin Road 6, Pirelli Angel GT II, Bridgestone T32 da Dunlop Roadsmart IV. Abokanka sun yi gaskiya cewa kashin farko ya fi kowa riƙo, amma sun bar sharaɗin da ke biye da maganar. Robar tayar tsere ba ta kai wa ga wannan riƙo sai ta ɗau zafi sosai, shi ya sa a filin tsere ake lulluɓe tayoyi da bargon lantarki har su kai wajen digiri 80 kafin a saki babur. Daga nan kuma matuƙi ne ke riƙe wannan zafi da taka birki mai tsanani da murɗa totur a kowace kwana, zagaye bayan zagaye. Kai kuwa da ka fito daga gida, ka tsaya a danja, ka ratsa tsakanin 'yan Keke, ka rage gudu a shingen jami'an tsaro, yaushe tayar za ta kai wannan matsayi? Idan ba ta kai ba, riƙonta bai fi na tayar doguwar tafiya ba, sau da yawa ma bai kai shi ba. Ka biya kuɗin abin da ba za ka taɓa mora ba, sannan taushin robar ya sa tsakiyarta ta cinye da wuri fiye da wadda kake kuka da ita yanzu.

Na san abin da za su ce: ai nan ba Turai ba ce, ranar Arewa kaɗai ta isa ta gasa taya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin a watannin Maris zuwa Mayu zafin gari kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, kwalta kuma ta fi haka zafi. Sai dai shekara ba bazara ce kaɗai ba. Akwai safiyar hunturu, lokacin da sanyi ke ƙandarar da roba, ƙura kuma ta kwanta a kan titi. Akwai yashin da iska da ruwa ke tarawa a bakin kwana da shataletale, da baƙin mai da gas da manyan motoci ke zubarwa. Sannan ga daminar da kai da kanka ka ambata. Ruwan farko ya fi kowanne hatsari, saboda yana taso da man da ya daɗe maƙale a kwalta, titi ya koma santsi. Abin da ke haɗa ka da ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannunka ba, kuma idan ruwa ya shiga tsakanin wannan ɗan wuri da kwalta, birki da kan babur duk sun fita daga hannunka. Aikin zanen taya shi ne ya kori wannan ruwa gefe. Tayar tsere zanenta kaɗan ne, a can gefe ma sau da yawa babu shi kwata-kwata. Ta doguwar tafiya kuwa zanenta ya fi yawa da zurfi, kuma ana cuɗa robarta da sinadarin silika mai yawa, wanda ke sa ta riƙe jiƙaƙƙen titi ko da ba ta ɗau zafi ba. Mai hawa a Kaduna cikin watan Agusta wannan ce bukatarsa ta farko.

Wani zai ce sa wa CBR tayar doguwar tafiya rage masa daraja ne, an mai da shi babur ɗin dattawa. Wannan magana ta tsufa. Duba gefen kowace daga cikin waɗanda na ambata a girman babur ɗinka, za ka ga an rubuta 58W a ta gaba, 73W a ta baya. Lambar 58 na nufin tana ɗaukar kilo 236, ta 73 kuma kilo 365, harafin W kuma na nufin an gwada ta a gudun kilomita 270 cikin awa. Dokar hanya a Najeriya ko ƙaramar mota ba ta yarda ta wuce 100 a babbar hanya ba. Ke nan tayar ta ninka abin da doka ta yarda da shi, har da ragowa mai yawa. Ban da haka, yawancin tayoyin baya na wannan kashi roba biyu aka haɗa a jikinsu: mai tauri a tsakiya don ta jure doguwar tafiya, mai taushi a gefe don ta kama idan ka kwantar da babur. Kamar dai an dubi matsalar da ka kawo aka ƙera su. A bisa al'ada sukan yi ninkin tafiyar tayar tsere ko fiye. Da a ce ka gaya mini gefen tayarka ne ke riga tsakiya cinyewa, da na ce ka duba kashi na tsakiya. Ba haka shaidar ta nuna ba.

Maganar ƙara faɗi ita ce na fi so ka watsar gaba ɗaya. Honda ta ba wannan babur 120/70 ZR17 a gaba, 180/55 ZR17 a baya. Lambar 180 faɗin taya ne a milimita, 55 kuma tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, milimita 99 ke nan, 17 kuma girman rim ne a inci. Rim ɗin baya na babur ɗinka faɗinsa inci 5.5 ne, an yi shi ne don 180. Tayar 190 da 200 galibi rim mai inci 6 suke so, irin na babura masu injin 1000. Idan aka matsa faffaɗar taya a kan siririn rim, sai bakinta ya tsuke, bayanta ya ƙara tudu, siffar da injiniyoyi suka tsara ta lalace. Wurin da ke taɓa ƙasa ba lalle ya ƙaru ba, yana iya raguwa ma, gefen kuma ya lanƙwashe ta yadda ba za ka kai gare shi ba. Tsayin bayan babur ya sauya, yadda yake shiga kwana ya sauya, nauyi ya ƙaru, tazarar da ke tsakanin taya da kaca ta ragu. Kwarjinin da ake gaya maka masu kallo daga baya ne za su gan shi, kai kuwa da ke riƙe da kan babur illar kawai za ka ji.

Sai ta gwanjo, wadda na san ita ce ta fi jan hankalinka saboda aljihu. Zurfin zane ba ya nuna lafiyar taya. Roba tana bushewa da shekaru ko da ba a hau ta ba, rana da zafi kuma suna gaggauta hakan. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ƙwararre ya duba ta kowace shekara idan ta kai biyar ana aiki da ita, a cire ta idan ta kai goma komai kyawunta, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuwa ta fi haka tsanantawa a gargaɗinta kan tsofaffin tayoyi. Tsofaffin tayoyi irin wannan ma suna cikin jerin kayan da hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su ƙasar nan. Ko ka ajiye doka gefe, tambayi kanka dalilin da ya sa mai ita a Turai ya cire taya da sauran zane. Da yawansu daga filin tsere suka fito: shafa gefenta, za ka ji robar ta yi gudaji-gudaji kamar ta narke ta daskare, wani lokaci da shuɗin launi. Wadda ta sha zafi da sanyi sau da yawa haka ta riga ta ƙandare. Wasu kuma ƙusa ce ta shige su aka toshe, ko rami ya karya zaren da ke ciki, abin da ba a gani sai an leƙa cikinta da fitila. Mota idan tayarta ɗaya ta fashe akwai uku da suka rage. Kai biyu gare ka. Kuma wannan duba na lambar shekara ka yi shi har ga wadda aka ce sabuwa ce, domin akwai wadda ta yi shekaru jingine a ƙofar shago tana shan rana. Nemi wadda ba ta wuce shekara biyu da ƙerawa ba.

Game da canza ta baya kaɗai, ba haramun ba ne, amma da sharaɗi. Kamfanoni na tsara ta gaba da ta baya a matsayin abokan aiki, tudunsu da zanensu da saurin ɗaukar zafinsu su zo ɗaya. Idan ta gabanka ƙirar da za ka saya ce, shekarunta ba su ja ba, gefenta bai tsattsage ba, to kana iya barin ta. Sai dai babur na hannu da ka saya bara, da wuya tayarsa ta gaba ta cika waɗannan sharuɗɗa. Ka tuna kuma yawancin ƙarfin birki a wannan babur gaba yake, kuma zamewar baya ana iya ceto ta, ta gaba kuwa da wuya. Idan kuɗin ba su kai na manyan kamfanoni ba, gara ka ɗauki sababbi biyu na kamfani mai matsakaicin farashi, masu daidai girma da lambar W, ko ka jingine babur na ɗan lokaci har kuɗin su cika, da ka haɗa sabuwa da wadda ba ka san tarihinta ba.

Ranar ɗaurawa kada ka miƙa wa mai faci babur ka tafi shan shayi. Yawancin masu facinmu sun saba da Bajaj da Jincheng, da ƙarfen ɓamɓare taya da guduma, waɗanda ke iya ƙwarzane rim ɗin alminiyam har ya riƙa sakin iska. Nemi wurin da ke da injin cire taya da na balansin. Tsaya ka ga kibiyar da ke gefen tayar ta fuskanci inda take juyawa, a sa sabon bawul, kuma kada ka yarda a cusa mata tib, domin an yi ta ne ta zauna babu shi. Iskar da Honda ta rubuta wa wannan babur ita ce PSI 36 a gaba, 42 a baya, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Sayi ƙaramin geji naka na kanka, kada ka dogara da dukan taya da hannu. Kada kuma ka rage iska wai don zafin gari: taya mai ƙarancin iska ita ce ke yawan lanƙwasa, ta tara zafi, ta bar rami ya daki rim. Sabuwar taya tana da santsi a farko, saboda haka ka tafi a hankali a wajen kilomita 150 na farko, ba birkin gaggawa, ba kwantar da babur da yawa.

Ɗan'uwa, ka bar tayar tsere, ka bar 190, ka bar ta gwanjo. Sayi 120/70 da 180/55 sababbi, ƙira ɗaya, na doguwar tafiya, kafin ruwa ya sauka. Allah ya kiyaye hanya.