Wasan Gayya A Kan Allo: Yadda Mutum Ɗaya Zai Yi Shi

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma sau da yawa, musamman in an ba da dogon hutu, ɗalibi yakan sami kansa shi kaɗai a gida, abokai sun watse, wannan ya tafi ƙauye, wancan ya tafi wajen dangi. Galibi abin da yake biyo baya shi ne a rungumi waya tun safe har dare, ido ya gaji, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta ƙaru da komai ba. Nufina a wannan maƙala shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu wani irin wasa na allo da kati wanda aka shirya don jama'a su taru su yi, amma duk da haka mutum ɗaya yana iya zama ya yi shi, ya kuma amfana.

Mene Ne Wasan Gayya?

Wasannin da muka saba da su, kamar dara da ludo, na gasa ne, wato sai wani ya fāɗi kafin wani ya ci. Wasan da nake magana a kansa ya sha bamban da su. Duk masu wasa ɓangare ɗaya suke, abokin karawarsu shi ne wasan kansa. In an ci, kowa ya ci, in an fāɗi, kowa ya fāɗi. Shi ya sa na kira shi wasan gayya, domin ya yi kama da yadda samari kan taru su nome gonar mutum ɗaya kafin rana ta fāɗi.

A ƙasashen Turai da Amurka aka ƙago waɗannan wasanni, kuma da yawansu labarin tafiya mai hatsari suke ɗauke da shi. A shekarar 2000 wani Bajamushe mai suna Reiner Knizia ya fito da wasan Lord of the Rings, wanda ya jawo hankalin mutane ga wannan salo. A 2008 Matt Leacock na Amurka ya fito da Pandemic, inda ma'aikatan lafiya suke yawo a birane 48 na duniya, har da Legas da Khartum da Alƙahira, suna neman maganin cututtuka 4 kafin annoba ta gagara. A 2012 Ignacy Trzewiczek na ƙasar Poland ya shirya wasan Robinson Crusoe, wanda ya ɗauko daga littafin da Daniel Defoe ya wallafa a 1719, labarin mutumin da jirgin ruwansa ya farfashe ya maƙale a wani tsibiri. A 2017 kuma Isaac Childres ya fito da Gloomhaven, babban wasa mai tafiye-tafiye 95.

To, yaya mutum ɗaya zai yi aikin gayya? Dalilin shi ne, a waɗannan wasanni babu wani ɗan Adam da yake zaune a ɗaya gefen yana ƙulla maka makirci. Tarin katuna ne da aka gauraya suke sanar da masifar da za ta auku a kowane zagaye, bisa doka tsayayya. Ke nan ko mutum huɗu ne suka zauna ko mutum ɗaya, abokin karawa bai sāke ba. Wanda ya zauna ya yi dara da kansa ba zai ji daɗi ba, domin ya riga ya san dabarar kowane gefe. A nan kuwa ba ka san katin da zai fito ba sai ka buɗe shi.

Misali: Tsibirin Da Yake Nutsewa

Bari mu ɗauki wasa guda mu feɗe shi. Sunansa Forbidden Island, wato haramtaccen tsibiri, shi ma Matt Leacock ne ya shirya shi, ya fito a 2010. Na zaɓe shi ne domin dokokinsa ba su da yawa, kuma ana gama shi cikin kamar rabin sa'a.

Ana shimfiɗa ƙananan alluna 24 na kwali, kowanne yana wakiltar wani fili a tsibirin. A cikin tsibirin akwai taskoki 4, kowace taska tana da filaye 2 da za a iya ɗaukarta a kansu. Aikin masu wasa shi ne su tattara taskokin duka, su haɗu a filin da jirgin sama mai saukar ungulu yake sauka, su tashi kafin ruwa ya cinye tsibirin. Tun kafin a fara ma, filaye 6 sun riga sun cika da ruwa.

In aka zo kan mai wasa, abu uku zai yi bi da bi. Na farko, yana da ayyuka 3 kacal da zai zaɓa: ya matsa zuwa fili na kusa, ko ya kwashe ruwa daga filin da ya cika, ko ya miƙa wa abokinsa kati, ko ya ɗauki taska in yana da katunanta 4 a hannu. Na biyu, ya zari katuna 2 daga tarin katunan taska. Na uku, ya buɗe katunan ambaliya. Duk filin da sunansa ya fito sai a kifa shi, alamar ruwa ya shiga. In sunansa ya sāke fitowa alhali ba a kwashe ruwan ba, to ya nutse ke nan, sai a fitar da shi daga wasa, ba ya dawowa.

Hanyar ci ɗaya ce, hanyoyin fāɗuwa kuwa 4 ne: filin jirgi ya nutse, ko filaye biyun wata taska su nutse kafin a ɗauke ta, ko fili ya nutse da mutum babu wani fili kusa da zai yi iyo ya kama, ko ma'aunin ruwa ya kai ƙarshe.

Mutanen da za a zaɓa su 6 ne, kowa da baiwarsa. Injiniya yana kwashe ruwan filaye 2 da aiki ɗaya. Matuƙin jirgi yana iya tashi zuwa kowane fili sau ɗaya in aka zo kansa. Mai nutso yana ratsa wuraren da ruwa ya ci. Masinja yana aika kati ga abokinsa komai nisansa. Mai bincike yana tafiya ta kusurwa, jagora kuma yana matsar da wani.

Yadda Mutum Ɗaya Zai Zauna

An rubuta a kan akwatin wasan cewa na mutum 2 zuwa 4 ne. Mai wasa shi kaɗai sai ya riƙe mutum biyu, ya yi wa kowanne wasansa. Ga ƙa'idojin da za su taimake shi.

Da farko, kada ya haɗama. Mutum biyu sun isa ga mai koyo. Gaskiya ne in ka riƙe huɗu katunan da ke hannunka za su fi yawa, amma ka tuna bayan wasan kowane mutum sai an buɗe katunan ambaliya, don haka kafin a zagayo kan injiniyanka ruwa ya yi ɓarna sau huɗu. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Na biyu, ya raba katunan. Na wannan a dama, na wancan a hagu, kada su cakuɗe. Doka ta ce sai mutum biyu suna tsaye a fili ɗaya kafin a miƙa kati, in ba masinja ba. Kasancewar duk hannuwanka ne bai soke wannan doka ba.

Na uku, ya sami ɗan dutse ya riƙa ajiyewa gaban wanda ake kansa, da ƙwayar wake 3 don ƙirga ayyuka. A cikin jama'a akwai mai tuna maka in ka manta, amma kai kaɗai ba ka da mai tuni sai waɗannan.

Na huɗu, ya dubi baiwar da ta dace da 'yar'uwarta. Injiniya da masinja, alal misali, sun dace, domin ɗaya yana tsare filaye, ɗaya yana tura masa katuna ba tare da ɓata ayyuka wajen tafiya ba.

Lissafin Da Ke Ciki

A nan ne darasin yake, kuma malaman lissafi za su gane shi. Katunan taska 28 ne. Kowace taska tana da 5, wato 20 ke nan. Sauran 8 su ne na jirgi 3, na buhun yashi 2, da wasu 3 masu sanar da cewa ruwa ya ƙaru. Ba a yarda mutum ya riƙe fiye da katuna 5 ba, in sun wuce sai ya yar da wani. To, tun da 4 ake bukata daga cikin 5 na kowace taska, in ka yar da biyu iri ɗaya, wannan taska ba za ta samu ba sai tarin ya ƙare an sāke gauraya shi. Saboda haka kafin ka yar da kati, duba waɗanda aka riga aka yar.

Katin ƙaruwar ruwa shi ne mugun. In ya fito, ma'aunin ruwa yakan hau mataki ɗaya, kuma yawan katunan ambaliyar da ake buɗewa yana tashi sannu a hankali daga 2 har zuwa 5. Bugu da ƙari, duk katunan ambaliyar da suka riga suka fito za a gauraya su a ɗora su a bisa tarin. Ma'ana, filayen da ruwa ya taɓa shiga su ne zai sāke komawa kansu nan da nan.

Mu ɗauka katuna 8 aka mayar sama, cikinsu har da na filin jirgi, kuma yanzu 3 za a buɗe. Yiwuwar katin filin jirgi ya fito 3 ce cikin 8, wato ta fi kashi ɗaya cikin uku. In ka bar ruwa a wannan fili, to ka jingina wasanka duka a kan sa'a. In kuwa ka kashe aiki ɗaya tun da wuri ka kwashe ruwan, ko katin ya fito filin ba zai nutse ba. Rigakafi ya fi magani. Mai wasa na ƙwarai ba ya ƙoƙarin ceton kowane fili. Yakan bar na gefe su tafi, ya tsare filin jirgi, da fili ɗaya na kowace taskar da ba a ɗauka ba, da hanyar da ta haɗa su. Sai dai ya sani duk filin da ya nutse katinsa ma yakan fita, tarin ya ragu, sauran filayen su riƙa fitowa a kai a kai.

Wasannin Da Suka Dace Da Waɗanda Ba Su Dace Ba

Ba kowane wasan gayya ne mutum ɗaya zai iya ba. Akwai Hanabi, na wani Bafaranshe mai suna Antoine Bauza, wanda ya fito a 2010. A cikinsa kowa yana ganin katunan abokansa amma ba ya ganin nasa, sai an ba shi alama. Irin wannan dole sai da jama'a. Ƙa'idar ita ce, duk wasan da ya dogara a kan ɓoye wa juna labari bai dace da mutum ɗaya ba.

Wasu kuma tun asali an yi wa mai wasa shi kaɗai tanadi. A wasan Robinson Crusoe ana ba shi mataimaka biyu, wato Jumma'a, abokin nan na cikin littafin, da kare. A Gloomhaven yana riƙe mutum biyu ko fiye, amma littafin dokoki ya ce ya ƙara wa wasan tsanani da mataki ɗaya, domin ya san abin da ke hannun kowa, alhali a cikin jama'a ba a bayyana wa juna komai da komai.

Jarrabawar Gaskiya

Akwai wata matsala da masu wasan gayya suka sani: mutum ɗaya mai baki ya mamaye wasan, yana gaya wa kowa abin da zai yi. Mai wasa shi kaɗai ya huta da wannan. Amma tasa jarrabawar ta fi wuya. Ka buɗe kati, filin jirgi ya nutse, ba wanda ya gani. Zuciya za ta ce maka mayar da shi ƙasa ka zari wani. In ka bi ta, wa ka cuta? Cin da aka samu ta haka ba shi da daɗi, kuma hannun da ya saba da wannan a ɗaki shi ne zai miƙa wa takardar wani a zauren jarrabawa. Shawarata ita ce mutum ya kafa wa kansa doka: yana iya sāke shawara muddin bai buɗe sabon kati ba, in ya buɗe kuwa magana ta ƙare. Yana da kyau kuma ya ajiye ɗan littafi, ya riƙa rubuta mutanen da ya zaɓa, da ko ya ci ko ya fāɗi, da dalilin fāɗuwar. Bayan wasa goma zai ga inda yake yawan tuntuɓe.

Ga Iyayenmu

Iyaye da yawa in suka ga yaro da katuna sai gabansu ya fāɗi, suna tsoron caca, kuma suna da hujja. Amma a waɗannan wasanni ba a sa kuɗi, ba kuma wanda yake cinye wani. Abin da yaro yake samu shi ne karanta dokoki da bin su, da ƙirga yiwuwar abu, da haƙurin fāɗuwa. Ga wanda kuɗin sayen wasan ya yi wa yawa, domin daga waje ake kawo su, ɗalibi yana iya yanka tsohon kwali ya zana nasa tsibirin ko nasa dajin, ya ƙirƙiro dokokinsa, wannan ma wani ilmi ne. Abin da ya rage ga iyaye shi ne su yanke masa lokaci, kada wasa ya ci lokacin karatu da aikin gida.

Daga ƙarshe, kada mu manta don jama'a aka yi waɗannan wasanni. Wanda ya ƙware shi kaɗai a lokacin hutu, in an dawo makaranta sai ya tara abokansa ya koya musu, ya kuma kame bakinsa ya bar kowa ya yi tunaninsa.