Usulul Fiƙihu: Sanin Tushen Hukunci

Ɗalibin da ya karanta Ahalari da Iziyya da Risala a zaure, ya san hukunci. Amma idan ya shiga jami'a, kamar Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, sai a fuskance shi da wata tambaya dabam: daga ina hukuncin ya fito, kuma ta wace hanya aka ciro shi? Ilmin da ke amsa wannan tambaya shi ake kira Usulul Fiƙihu.

Tushen Shari'a da jumhurun malamai suka haɗu a kansu huɗu ne: Alƙur'ani, Sunna, Ijma'i da Ƙiyasi. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya dogara kuma da aikin mutanen Madina, da maslaha, da toshe kafar ɓarna. Almajirinsa Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 204, shi ne ya fara tsara ƙa'idodin wannan fanni a littafinsa Risala. Wannan kuwa ba ita ce Risalar Ibn Abi Zaid ta Malikiyya da aka saba karantawa a ƙasar Hausa ba. Malaman wannan ƙasa ma ba a bar su a baya ba, don Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Alfiyyatul Usul.

Ga misalin yadda ƙa'ida ke aiki. A wurin malaman Usulu, umurni yana nuna wajibci, sai fa in an sami dalilin da ya kawar da shi daga nan. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umurni da rubuta bashi. Wanda ya tsaya a nan zai ce duk mai ba da bashi ba rubutu ya yi saɓo. Amma ayar da ke biye ta ambaci halin da mutane suka amince wa juna, saboda haka mafi yawan malamai suka ce rubutun mustahabbi ne.

Haka nan Ƙiyasi yana da rukunai huɗu: asali, reshe, illa da hukunci. Giya ita ce asali, hukuncinta haramci, illarta gusar da hankali. Duk abin da aka sami wannan illa a cikinsa, kamar wiwi, reshe ne, sai ya ɗauki hukuncin giya ko da nassi bai ambaci sunansa ba. Da irin wannan awo ne malamai ke duba al'amuran zamani, kamar ajiyar banki, inshora da ƙarin jini.

To, amma duk wannan ba ya samuwa sai da Larabci mai ƙarfi. Wanda bai ƙware a Nahawu da Balaga ba, ba zai rarrabe lafazi gamamme da keɓantacce ba, balle nasihi da mansuhi. Sai ya tsinci hadisi guda a fassara ya yanke fatawa, ya raba aure ko ya hana magaji gādonsa. Lalle ne ɗalibi ya fara da ƙaramin littafi kamar Waraƙat na Juwaini a gaban malami, kafin ya kai ga Muwafaƙat na Shaɗibi. Takardar digiri ba ta mai da mutum mujtahidi, amma Usulu yana koya masa girmama saɓanin malamai, da yin shiru inda ilminsa ya tsaya.

Allah ne Mafi sani.