Ɓeran da Aka Zana da Da'ira

A shekarar 1928, a ƙasar Amurka, wani mai zane, Walt Disney, ya shiga uku. Zomon da yake zanawa don majigi ya kuɓuce masa, ashe kamfani ke da ikonsa. Sai shi da abokinsa, Ub Iwerks, suka ƙago ɓera, Mickey.

Da da'ira suka gina shi, don ya yi saurin zanuwa, gama sai an yi zane ɗaruruwa kafin ya motsa na minti ɗaya. Jikinsa baƙi wuluk, in ya dafa ciki hannun ya ɓace. Saboda haka a 1929 aka sa masa farar safar hannu. Kunnuwansa kuwa kamar faifai, duk inda ya juya suna nan zagayayyu. Ko inuwarsa yaro ya hanga, ya gane shi.