Dashen Gashi: Zaɓen Likita da Gyaran Aikin Baya

Dashen gashi tiyata ce: ana ɗebo saiwoyin gashi daga ƙeya a dasa inda sanƙo ya ci. Saiwar da aka cire ba ta sake tsirowa a gurbinta, don haka gashin ƙeya jari ne mai ƙarewa.

Duk wanda ke da wannan niyya ya fara ganin likitan fata, misali a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, domin wata zubar gashin magani take buƙata. Idan a cikin ƙasa za a yi, ya tabbatar likitan na da rajistar hukumar likitoci ta MDCN. Idan kuma waje za a je, kamar Istanbul, ya san wanda zai riƙe wuƙar, likitan ne ko yaransa. Saiwar gashin baƙar fata a lanƙwashe take, tana saurin tsinkewa a hannun wanda bai saba ba. Mai fatar da tabonta ke yin tudu kuwa, lallai ya sanar da likita.

Gyaran aikin da ya ɓaci ya fi na farko wuya. Sai an jira kamar wata 12, gashin ya gama fitowa, kafin a sake taɓa kan.