Hodar Tsayar da Jini a Cikin Yara: Amfaninta da Iyakarta

Yaro mai nauyin kilo 10 jinin jikinsa duka bai wuce mililita 800 ba, wato bai cika lita guda ba. Saboda haka jinin da babba zai zubar ya ci gaba da harkarsa yana iya halaka ƙaramin yaro. Idan zubar daga tumbi ko hanji take, alamominta su ne aman jini, baƙin bahaya mai kama da kwalta, da ɗashewar tafin hannu. Daga cikin musabbabanta akwai gyambon ciki, zazzaɓin taifod, da shan asfirin ko ibufurofen barkatai.

Yadda Hodar ke Aiki

Likita kan zura na'urar leƙa ciki ta baki har tumbi. Idan ya ga inda jinin ke fita, sai ya ɗame jijiyar, ko ya ƙona bakinta, ko ya yi mata allura. Sabuwar dabara ita ce fesa hoda. Wadda ta fi shahara ita ce Hemospray, wadda ake yi da wani irin yumɓu. Iskar kabon ce ke tura ta ta siririn bututu. Da zarar ta taɓa jini sai ta tsotse ruwansa, sinadaran daskarewa su tattaru, ta zama ɓawo a kan raunin. Cikin kwana ɗaya zuwa uku ɓawon kan saɓule ya fita tare da bahaya.

Shin Tana da Haɗari?

An buga sakamakon gwajinta na farko a kan mutane a 2011, daga Hongkon, inda jini ya tsaya ga 19 cikin manya 20. Amurka ta amince da ita a 2018. A shekarar ce kuma likitocin Shefild ta Ingila suka ba da rahoton cewa ta tsayar da jini a jikin yaran da suka yi wa, sai dai yaran ƙalilan ne, kuma jinin ya dawo wa wasunsu. Hanjin yaro siriri ne, bangonsa ba kauri, don haka ana fargabar ƙarfin iskar ya huda shi, ko hodar ta toshe shi. Bugu da ƙari, ba ta warkar da gyambon da ya jawo zubar. Lokaci kawai take samar wa likita.

Darasi ga Ɗalibai

Wannan hoda ba ta sha ba ce, kuma babu garin magani na gida da zai maye gurbinta. Yaron da ya yi aman jini a Nasarawan Doya, ko wani ƙauye na Makarfi, Ikara ko Kudan, a daina ba shi asfirin, a garzaya da shi asibiti mafi kusa domin ƙarin ruwa ko jini. Daga can ake tura shi babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: jinkirin dare guda na iya cin ran yaro.