Kunne Kafin Baki: Yadda Ake Fara Rediyon Sha'awa

Wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwatin rediyo da asuba ana neman BBC ko Muryar Jamus a kan mita 19 da mita 25 ya riga ya san gajeren zango. Abin da galibi bai sani ba shi ne, a tsakanin waɗannan manyan tashoshi akwai filaye da Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ware wa masu sha'awa, inda mutum zai zauna a ɗakinsa ya yi magana da wani a Brazil ko Japan ba tare da layin waya ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, tun 1925 aka kafa ta a Paris. Kuskuren sabon shiga kusan ɗaya ne ko'ina: ya fara da sayen na'urar magana. Ita ce ya kamata ta zo a ƙarshe.

Farkon aiki saurare ne, kuma yana da araha. Ana samun akwatin gajeren zango mai tsarin SSB, domin da shi masu sha'awa ke magana, rediyon gida kuwa gunaguni kawai zai jiyo. Daga nan sai a lazimci mita 20, wajen megahaz 14, da rana, a koma mita 40, wajen megahaz 7, bayan magariba, saboda sararin sama da ke dawo da sigina ƙasa yana sauya hali tsakanin dare da rana. A nan kunne ke koyon ladabin wurin: yadda ake kiran CQ idan ana neman abokin magana, yadda ake sallama da 73, da yadda lambar kira ke nuna ƙasar mutum. 5N Najeriya ce, 5U Nijar, 9G Ghana, TJ Kamaru.

Sai lasisi. Babu mai watsa sigina ba da izinin hukumar ƙasarsa ba, kuma ita ke ba da lambar kira, yawanci bayan jarrabawa kan lantarki da dokoki. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta sanin rubutun Morse. Wani zai ce ga rediyon oba-oba irin Baofeng a kasuwa, me ya kawo wahalar takarda? To, a yankin da ake fama da matsalar tsaro, mai riƙe da oba-oba ba takarda ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai iya amsawa ba. Ban da haka, irin wannan na'ura kan mita 2 take aiki, siginarta ba ta wuce 'yan kilomita sai da tashar da ke maimaita ta. Inda babu wannan tasha, shiru za ka saya.

Wurin da ya cancanci ɓata lokaci shi ne eriya. Wayar tagulla guda biyu, kowace kimanin mita 5, a haɗa su a tsakiya da kebul mai om 50, a ɗaga su sama gwargwadon iko nesa da wayar wutar lantarki, an sami eriyar mita 20. Ana yanka ta da ɗan rara, sannan a riƙa datsewa kaɗan-kaɗan ana duba ma'aunin SWR har ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfin da aka tura ya dawo ya lalata na'ura. Da damina a cire kebul da zarar hadari ya haɗo.

Yanzu ne za a je ga na'urar magana. Tsohuwar Yaesu ko Icom ko Kenwood mai wat 100 ta wadatar, kuma da yake volt 12 take ci, batir da farantin sola sun raba ka da jiran wuta. Masu cewa wayar salula ta kashe wannan harka su tuna Puerto Rico a 2017: da guguwar Maria ta kayar da turakun sadarwa, masu rediyon sha'awa na cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙonnin agaji. Doka dai ta hana kasuwanci da saƙon asiri a kan waɗannan mitoci, kuma kowace hira sai an faɗi lambar kira.