Daga Kano Zuwa Legas A Jirgin Sama: Nisa Da Lokaci

A kowace shekara, idan mun zo darasin nisa da gudu da lokaci, ɗalibai da dama sukan haddace ƙa'ida amma su faɗi a jarrabawa, saboda ba su gwada ta a kan tafiya ta gaske ba. To bari mu gwada ta a kan tafiyar Kano zuwa Legas.

A watan Nuwamba na 1925, jiragen sojan Ingila uku sun sauka a Kano daga Masar. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja, nisan ya kai wajen kilomita 830 a miƙe. A mota kuwa tafiyar ta kai wajen kilomita 1,000, domin hanya tana lanƙwasa, tana neman gada da garuruwa. Kuna iya tabbatar da nisan da kanku. Ku ɗauki taswirar da santimita ɗaya ke wakiltar kilomita 100, ku aza rula tsakanin biranen biyu, za ku sami santimita 8 da ɗan ɗoriya.

Ƙa'idar ita ce: a raba nisa da gudu, sai a sami lokaci. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun wajen kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama. In an raba 830 da 800, amsar awa ɗaya ce da minti biyu. Amma a tikiti akan rubuta wajen awa ɗaya da rabi. Ina sauran mintocin suka tafi? Jirgi yakan yi tafiya a hankali a ƙasa kafin ya tashi, ba ya kai cikakken gudunsa yayin hawa da sauka, wani lokaci kuma sai ya jira izinin sauka. Saboda haka in mun raba 830 da awa ɗaya da rabi, matsakaicin gudunsa wajen kilomita 550 ne a awa. Nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe: matsakaicin gudu dabam, gudun ƙoli dabam.

Matafiyi daga Kaikai kuma yana da ƙarin lissafi. Sai ya fito Kankiya, ya sami motar Kano, tafiyar da ta haura kilomita 100, kuma ya isa fili da wuri don a duba tikiti da kaya. A lokacin hunturu hazo kan jinkirta tashin jirgi. Wani ƙanena ya lissafa awa ɗaya da rabi kaɗai, jirgi ya yi jinkiri, ya rasa ganawar neman aiki a Legas.

Aikin gida: mota ta yi kilomita 1,000 cikin awa 16. Nawa ne matsakaicin gudunta, kuma sau nawa na jirgin ya ninka shi? Ku kawo amsa idan an dawo hutu.